Murfin Jan Biro

Esin motata ya daina sanyi a hankali, kamar yadda dangi suke daina zuwa gaisuwa. Da farko sai an yi tafiya mai nisa kafin a ji shi. Daga baya ya koma busa iska mai ɗumi kawai, da warin tsohuwar kujera. Ni ban damu ba, na sauke gilashi. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a ajin da fankarsa ba ta taɓa juyawa ba, kuma ban narke ba.

Babba ne ya damu. Shi ne ɗana na fari, shi ya saya mini motar da na yi ritaya, kuma har yau yana kallonta kamar aro ya ba ni. Manaja ne a wani kamfanin rarraba magunguna, da motoci goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa, dukkansu sai da sanyi suke ɗaukar kaya.

Auta, 'yata ta ƙarshe, ita ta ce a kai wa mijinta. Gyaran esin mota ne sana'arsa. Duk layin garejinsu Mai Sanyi ake ce masa, kuma sunan ya bi shi har cikin hali, don sai ka kasa kunne kafin ka ji maganarsa. Babba bai taɓa kushe shi a fili ba. Yana dai kiransa "Injiniya", da wata murya da ko kurma ya san ba girmamawa ba ce.

Shekara biyu Auta tana bin yayanta ya ba mijinta kula da motocin kamfanin. Ran nan a falona ya gaji da naci, ya ce, "To, na ji. Ga motar Mama nan. In ya gyara ta yi wata guda tana sanyi ba matsala, sai ya zo ofis mu yi magana."

"Wata guda kawai, Yaya?"

"Wata guda. Ba na son in ji an ce na ɗauko surukina ya dafa wa mutane magani a hanya."

Ni na kai motar da kaina. Rumfar kwano ce, tsakanin Mai Faci da Mai Waya, mai gyaran wayoyin wutar mota, ƙasa duk baƙin mai. Mai Sanyi ya durƙusa ya gaishe ni, ya goge benci da gefen rigarsa, ya ce in koma gida zai kawo mini. Na ce ina nan. Ban taɓa yarda a yi mini aiki a bayan idona ba, ko ɗinki ne.

Mai Faci, wani dattijo mai tumbi da ba ya iya ganin baƙo ya yi shiru, ya leƙo ta kan tayoyinsa. "Mai Sanyi, yau sufeto ya zo maka. Ka riƙe sifana da kyau, za a ba ka maki."

"Kai ma in na gama da shi zan zo kanka," na ce masa.

"Ni na faɗi tun a firamare, Hajiya, ba sai kin wahala ba."

Na zauna na kalli aikin. Ya ɗaura wasu agogon awo guda biyu, ja da shuɗi, a bututun da ke cikin bonet. Ya ɗan ƙara iska, sannan ya ɗauko yankakken galan da ruwan sabulu a ciki da tsohon burushin fenti. Mahaɗa bayan mahaɗa ya bi, yana shafa kumfar, yana tsayawa yana kallo. Bai yi sauri ba. A ta bakwai ko ta takwas, can ƙasa kusa da injin, kumfar ta fara hura ƙananan ƙwai, ɗaya na fashewa ɗaya na tasowa.

"Ga yoyon nan, Mama."

Ya kwance notin, ya zaro wata 'yar roba zagayayya, kamar zoben jariri, ta baje ta tsattsage. Ya ɗora mini a tafin hannu.

"Wannan ce duk ta hana ni sanyi?"

"Ita ce. Wasu sai su cika miki gas kawai su sallame ki, bayan sati biyu ki dawo."

Ya sa sabuwa, ya ɗaure, ya kunna wani ƙaramin inji da ke zuƙe iskar cikin bututun gaba ɗaya. Da ya kashe shi, sai ya jawo kujera ya zauna gaban agogon, hannu a haɓa, rabin awa cur, yana jira ya ga ko allurar za ta motsa. Ba ta motsa ba. Sai a lokacin ya cika gas ɗin. A raina na ce, wannan da ya zauna a ajina da na yi alfahari da shi. Ban faɗa masa ba. Na koma gida ina jan mayafi saboda sanyi.

Washegari da rana na dawo daga kasuwa, na ajiye motar, na shiga da kaya. Da na fito rufe ƙofa sai na ga ruwa a ƙarƙashinta, ya kwanta a kan siminti, faɗin faranti. Na tsaya ina kallo, ga wani ɗigon ya sake faɗowa.

Na kira shi a waya. Inji yana ta ƙara a bayansa.

"Motar nan tana yoyo."

"Ruwa ne fari, Mama?"

"Ruwa ne."

"Ba komai, Mama. Haka suke yi. Duk mota haka take yi."

Da ya san ni sosai da bai zaɓi waɗannan kalmomin ba. Da "haka ake yi" aka hana ni shan ruwan sanyi ina jego. Da ita wani shugaban makaranta ya hana 'yan mata taɓa kayan ɗakin gwaji shekara shida, sai da na sace makullin. Duk sanda aka ce mini haka ake yi, abin da kunnena yake ji shi ne, ban sani ba kuma kada ki tambaye ni. Amma suruki ne, kuma mai kunya, ban so in titsiye shi. Na ce to, Allah ya yi albarka, na kashe wayar.

Na dangwali ruwan da yatsa na shinshina. Ba mai, ba wari, ba launi, ga shi da sanyi. Da wata ɗaliba ce ta kawo mini wannan bayanin a aji, da na ajiye mata kofin ruwan ƙanƙara a kan tebur na ce ta zauna ta kalli bayansa har ta ba kanta amsa. Darasi ne na zango na biyu, na koyar da shi ya fi sau ɗari. Amma ranar ba abin da ke kaina sai abu biyu. An kawo mota don tana yoyo, ga shi an dawo da ita tana yoyo. Kuma Babba zai zo ranar Asabar, idonsa a kan siminti yake fara sauka.

Sai na ce bari in rufa wa yaron nan asiri.

Na shimfiɗa kwali, na ɗauko tocila, na kwanta a gefen motar da dabara, don gwiwata ta hagu ba ta son wasa. Ban sha wahalar nema ba. Wani gajeren tiyo ne baƙi, ya leƙo daga ƙasan motar ta wajen kujerar mai zaman banza, bakinsa a buɗe kamar an manta a rufe shi. A ɗakina akwai gwangwani cike da jajayen birona na makin jarrabawa, waɗanda na kasa zubarwa. Na cire murfin ɗaya na tura a bakin tiyon. Ya shiga ɗas, kamar don shi aka ƙera shi. Ɗigon ya tsaya.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na sha shayi da yammar nan ina tunanin yadda tsohuwa da murfin biro ta ƙarasa aikin da mai agogo biyu ya bari.

Babba ya zo Asabar, ya leƙa ƙasa, ya sa hannu a bakin iskar, ya ce, "Hm." A wurinsa wannan yabo ne.

A kwana na tara na fara jin wani wari a motar, irin na safar da aka manta a bokiti. Na sayi turaren mota na rataya. A na goma sha biyar, in na taka birki sai in ji wani abu yana kaɗawa a bayan dashbod, kamar an ɗauko ruwa a kwano. Na ƙara muryar rediyo.

Asabar ta uku Babba ya zo kai ni wajen likitan ido. Shi yake tuƙi, ina gefensa. A shatale-talen da ke gaban asibiti ya karya kan motar da ƙarfi yadda ya saba, sai kawai ruwa mai sanyin ƙanƙara ya kwararo daga ƙarƙashin dashbod ya cika mini takalmi. Fankar ta yi wani gurnani, ta yi tari, warin ƙonewa ya tashi, ta yi shiru.

Ya faka a gefen titi, ya zagayo, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa. Kafet ɗin ya jiƙe sharkaf. Ya danna da yatsa, ruwa ya taso.

A nan, da ƙafafuna cikin ruwa, na gane. Iska mai zafi ta taɓa ƙarfe mai sanyi, dole ta zubar da ruwan da ke cikinta, kuma dole ruwan ya sami hanyar fita. Tiyon nan hanyarsa ce. Ba a manta a rufe shi ba. Ni na rufe shi, sati uku ruwa yana taruwa.

"Kin gani ko, Mama?" in ji Babba. "Kin ga abin da nake faɗa?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ka bi a hankali dai."

Bai bi a hankali ba. Kai tsaye garejin ya nufa. Akwai mutane: Mai Faci, Mai Waya, da wani direban tasi da ya kawo motarsa yana jiran layi, da wata mata zaune a bencin da na zauna.

"Injiniya!" Tun kafin ya rufe ƙofa ya ɗaga murya. "Zo ka ga rijiyar da ka haƙa wa Mama. Sanyi aka ce ka sa mata ko wanka?"

Mai Sanyi ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo. Ya gaishe ni ta taga, na amsa ina kallon jakata. Ya taɓa kafet ɗin, ya shinshina bakin fankar. Ya jawo kwalinsa ya shige ƙarƙashin motar, daidai ƙasan inda nake zaune.

Na ji lokacin da ya zare murfin. Ruwa ya zubo shaa, kamar an kifar da bokiti, ya malalo har gaban tayoyin Mai Faci. Ya daɗe a ƙasan nan fiye da yadda aikin yake buƙata. Ina iya ganin ƙafafunsa kawai ta madubin gefe, ba sa motsi.

Da ya fito, rigarsa ta jiƙe har wuya, hannunsa na dama a dunƙule. Ya sa shi a aljihu, ya fito da shi a buɗe. Bai kalli inda nake ba. Duk gidanmu ba wanda bai san gwangwanin jajayen birona ba, shi da kansa ya taɓa aron ɗaya ya rubuta lambar waya.

"Hanyar fitar ruwa ce ta toshe, Yaya."

"Me ya toshe ta?"

"Datti ne."

"Datti. A sati uku?"

"Ya kamata in busa ta ranar da na yi aikin. Ban yi ba. Laifina ne."

"Ka ji ko!" Babba ya juya wajen mutanen, kamar lauya ya sami shaida. "Motar uwar matarsa ke nan. Uwar matarsa! Ina ga ta wani? Kuma wai shi zan damƙa wa motoci goma sha ɗaya da maganin marasa lafiya a ciki. Malam, ka iya cika gas, ka tsaya a cika gas. Maganar ofis kuma ka manta da ita."

Mai Faci, da bakinsa ba ya rufuwa, ya sunkuyar da kai yana murza wata taya da ba ta buƙatar murzawa. Direban tasin ya tashi, ya yi miƙa, ya ce zai je ya dawo. Ya ɗauki makullinsa daga kan ƙusa. Kowa ya san ba zai dawo ba.

Babba ya leƙo ta taga. "Mama, kin dai ji da kunnenki."

Duk suka juyo suna kallona, ban da mutum ɗaya. Jimla ɗaya ce, ba ta kai kalma goma ba. Na tsawata wa shugabannin makaranta, na taɓa mayar wa sufeto rahotonsa na ce ya gyara lissafinsa. Amma in ce a gaban Mai Faci da wata baƙuwar mata ni, malamar kimiyya, na toshe zufar mota da murfin biro?

"Mu tafi," na ce. "Za mu rasa layin likita."

Muka hau tasi muka bar motar a can.

Kwana huɗu ta yi a wurinsa. Daga baya na ji cewa sai da ya kwance kujerun gaba, ya fitar da kafet ɗin ya shanya a kan rufin rumfa, ya sauke fankar ya canza abin da ya ƙone a cikinta. Ya kawo ta da kansa da hantsi. Ya durƙusa a bakin ƙofar falo kamar kullum, ya tambayi idona, ya ajiye makullin a kan hannun kujera.

"Mama, in kin ga ruwa a ƙasa, zufa ce take yi. Alamar lafiya ce. Ni ne ban yi miki bayani sosai ba ran nan."

Na ce, "To. Sannu da ƙoƙari."

Ya tafi. Na bi bayansa da kallo har ya fita ƙofar gida, yana tafiyarsa ta mai tsoron taka tururuwa. Na gaya wa kaina cewa shi ya zaɓi ya rufe maganar, tona ta kuma zai zama kamar na watsa masa kyautarsa a fuska. Hujja ce mai kyau. Na iya gina hujja, sana'ata ce. Kwana bakwai na zauna a cikinta, kuma kullum na dawo daga unguwa sai in tsaya in kalli ruwan nan yana ɗiga a kan siminti.

Auta ce ta rushe ta. Ta zo wata Laraba, ta zube a kujera ba ta ko cire takalmi ba.

"Mama, ni na gaji da mijin nan nawa. Shekara biyu ina lallaɓa Yaya, a ce ɗan tiyo ɗaya ya gagare shi busawa? Na ce masa wannan sanyin jikin naka ne zai kashe mu. Mutum kamar an jiƙa shi a randa."

"Me ya ce?"

"Me zai ce? 'Ki yi haƙuri.' Kullum ki yi haƙuri. Ko musu ba ya yi, shi ya fi ba ni haushi. Yanzu ko abinci sai in ajiye masa in shige ɗaki. Kuma kin san abin da ya fi ciwo? Ni da nake cika baki a gaban Yaya cewa duk garin nan ba mai hannunsa. Ashe Yaya ya fi ni saninsa."

Ta share ido da bakin mayafi. Na kalle ta. Ko matarsa bai gaya wa ba. Yana kwana a gida ɗaya da 'yata tana yanka masa magana, amsar tana aljihunsa.

Ban gaya mata a lokacin ba, kuma wannan ma yana cikin abin da nake ɗauke da shi. Na ce ta je gida, zan zo.

Washegari na kira Babba na ce ya zo ya kai ni garejin, akwai abin da ya taso game da motar. Ya zo da saurinsa, har da murmushin wanda ake shirin ba shi gaskiya karo na biyu.

Da muka isa na fito, na ƙi bencin. Na ce a kira mini Mai Faci da Mai Waya. Suka zo suna goge hannu. Mai Sanyi ya dube ni sau ɗaya, ya gane, fuskarsa ta canza.

"Mama, ki shiga daga ciki, rana."

"A nan aka yi maganar, a nan zan yi tawa." Na juya wajen Babba. "Ba datti ne ya toshe tiyon nan ba. Ni ce. Na ga ruwa na ɗiga, na ɗauka yoyo ne, na tura murfin biro a ciki. Aikinsa ba shi da aibu ko ɗaya. Kuma ran nan ina zaune a motar nan na sani, na yi shiru."

Na ɗauka ƙasa za ta tsage. Abin da ya faru ya fi haka muni: Babba ya fashe da dariya.

"Haba Mama! Auta ce ta je ta yi miki kuka ko? Kai, uwa dai uwa ce."

"Ba wasa nake yi ba."

"Mama, ke fa kika sa ni na rubuta 'ruwan bayan kofi daga iska yake' sau hamsin, don na ce kofin ne yake yoyo. Ina aji huɗu. Har yau hannuna yana tunawa. Ke ce za ki toshe wannan? Ki nemo wata ƙaryar dai." Ya juya. "Injiniya, kai ka faɗa. Me ka ciro?"

Mai Sanyi ya kalli ƙasa. "Datti ne, Yaya."

"Kin ji."

Ban taɓa tunanin zai zama sai na kawo hujjar wautata ba. Na miƙa wa Mai Waya jakata, na jawo kwalin da ke jingine da bango, na shimfiɗa a gefen motar.

"Mama, me za ki yi?"

"Kai da kake da motoci goma sha ɗaya, nuna mini inda tiyon yake."

Babba ya leƙa ƙasan motar, ya ɗago. Bai sani ba.

Na durƙusa, gwiwar ta yi ƙara har Mai Faci ya ce subhanallahi. Na kwanta a kan kwalin da atamfata mai kyau, a cikin baƙin mai, a gaban duk wanda ke wucewa a layin. Ban leƙa ba. Na kawar da fuskata wajen Babba, na tura hannu ƙarƙashin motar, na wuce ƙarfen farko, na lanƙwasa wuyan hannu hagu, na kama shi. Na matsa, ruwan sanyi ya gangaro mini har gwiwar hannu. Na fito da hannun na ɗaga masa.

"Murfin ja ne," na ce daga kwance. "An ɗan tauna kansa, don ina taunawa in ina maki. Ka tambaye shi."

Ba wanda ya yi dariya. Babba ya dubi Mai Sanyi. Mai Sanyi ya matso ya tsuguna kusa da ni.

"Mama, ki tashi. Ƙasan da datti." Sannan a hankali, yadda ni kaɗai zan ji: "Da kin bari. Ai ya wuce."

Tashin ya gagara. Sai da suka kama ni su biyu, ɗa a dama suruki a hagu, suka ɗaga ni kamar buhu. Mai Faci ya kawo kujera da gudu.

"Hajiya," ya ce, "in kina neman aiki, ina da gurbi. Hannunki ya san hanya."

Ba wanda ya taya shi, shi ma ya bari.

Babba ya tsaya yana juya makullin motarsa a yatsa. Na san shi tun bai san kansa ba, ban haƙuri yana yi masa wuya kamar haɗiye ƙwaya ba ruwa. Amma ya yi. Ya ce, da murya da kowa ya ji, "Na yi maka rashin adalci a gaban mutane. Ka yafe ni."

"Ba komai, Yaya."

"To sai ya zo ofis ɗin yaushe?" na ce.

Ya daina juya makullin. "Mama, Litinin ɗin da ta wuce muka sa hannu da wasu. Shekara guda. Ba ni kaɗai ba ne, an riga an kai sama."

Litinin. Na ƙirga a raina. Ranar ina zaune a falo ina karanta jarida, kwana tara da sanin gaskiya.

"Allah ya sa haka ya fi alheri," in ji Mai Sanyi. Ya ɗauki yankakken galan ɗinsa da burushi, ya koma wajen motar da ya bari a buɗe.

Daga nan na sa Babba ya sauke ni a gidan Auta, na ce ya tafi. Na same ta tana ninke wanki a falo. Ta ga man da ke jikin atamfata ta miƙe a tsorace, ta ɗauka faɗuwa na yi. Na ce ta zauna. Na gaya mata duka, tun daga ruwan kan siminti har zuwa Litinin, ban rage komai ba, har da zuwanta na jiya da na bar ta ta tafi.

Ba ta katse ni ba. Tana riƙe da wata rigar aikinsa, ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa.

"Ya sani tun ranar?"

"Tun yana ƙarƙashin motar."

"Na ce masa ragon namiji, Mama. Da bakina. Shekaranjiya."

Na ce, "Laifina ne, ba naki ba."

"Na sani," ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye rigar, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya tana neman takalmi da ƙafa, ba ta juyo ba.

"Zan je wajensa. In za ki fita ki ja ƙofar, tana kulle kanta."

Na zauna a falon, tsakanin tulin wankinsu, ina jin takunta a kan matakala har ya ɓace.